Rahila Ta Haddace Littafi, Amma Ba Ta Gane Sunanta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Makarantar Firamare ta unguwarmu, Kolere, Mubi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tela ce, mahaifiyar Rahila da ke aji huɗu a makarantarku. Na zo ofishinka sau biyu ban same ka ba, shi ya sa na fito fili. Ka gafarce ni, ruwa ne ya ƙare wa ɗan kada.

Na ɗaya. Ranar Lahadin da ta wuce Rahila tana karanta mini littafinta na Turanci, babu gargada, har ina jin daɗi. Sai na ɗora hannuna a kan hoton shafin, na nuna mata kalma ɗaya daga tsakiya. Ba ta iya karanta ta ba. Na rubuta "baba" a takardar awon ɗinki, ta kasa. Ashe shekara huɗu waƙa take yi: malami ya faɗa, aji ya amsa. Katin sakamakonta kuwa ya ce ita ce ta uku. To na ƙarshen fa?

Na biyu. Ni ban taɓa shiga aji ba sai da na yi aure. A ajin mata na cocinmu aka koya mini da baƙi da wasali, ba, be, bi, a haɗa su zama kalma, kuma cikin rani ɗaya na fara karatu. Ɗan maƙwabciyata yana aji biyu a wata makaranta inda malama ke koyar da sautin kowane harafi, da Hausar da yara ke ji, tana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Yaron nan yana karanta rubutun da ke jikin Keke Napep. Ba hasashe nake yi ba, na gani da idona.

Na uku, kuma shi ne ya fi damuna. Mahaifinta ya ce idan zangon nan ya ƙare ba ta iya karatu ba, zai kai ta Gella wajen gwaggonta ta kama noma. Ita ma ta fara cewa kanta ne ba ya ja. Wallahi kanta yana ja! Yarinyar da ta haddace littafi guda ba daƙiƙiya ba ce.

Roƙona, don girman Allah, ka kira kowane yaro shi kaɗai, ka ba shi littafi, ka rufe hoton, ka saurara. A koya musu sautin haruffa, a fara da Hausa kafin Turanci. Ba na zargin malamai, su ma yadda aka koya musu suke yi. A nema musu horo.

Tana gefena nake rubutun nan. Na miƙa mata takardar, na ce ta nemo sunanta. Har yanzu tana nema.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka jagora, ya raya maka naka 'ya'yan.

Wassalam.

Mahaifiyar Rahila,
Kolere, Mubi.