Akwatin da Na Kai Dauran

Kaura Namoda, 9 ga Fabrairu, 2000

Zuwa ga aminina Jabiru,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya baƙuntar Kaduna?

Kwana uku da tafiyarka aka sa wa gidan wasanmu na bakin tasha kwaɗo. Shari'a ta kama aiki, kiɗa a taro ya ƙare. Ban ja da kowa ba, ni ma Musulmi ne. Amma shekara ashirin ina kaɗa ogan, abin kiɗan nan mai madannai, kana buga ganga a bayana, yanzu da la'asar ta yi sai in rasa inda zan sa hannuna.

Ogan ɗin yana ɗakina, na lulluɓe shi da zane. Babban akwatin lasifikar ne ya ƙi shiga ƙofa, sai na ɗora shi a motar hatsi na kai wa yayana Magaji a Dauran. Ka daɗe kana yi mini tsiya wai na fi son akwatin nan da mutane. To, shi ne muryar. Ƙahon da ke juyawa a samansa da gangar katakon da ke juyawa a ƙasa, su ke watsa sauti ya zagaya ɗaki yana rawa. Babu su, ogan kukan sauro ne kawai.

Naka, Namadi

Kaura Namoda, 20 ga Yuni, 2000

Jabiru,

Ina gaisuwa, ina tambayar jikin matarka Rashida. Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarka ta zo. Ka ce maigidanku zai ajiye mini gurbi a ƙungiyar kiɗanku har kaka, in dai zan zo da sautin nan da ka ba shi labari. Na karanta ta sau biyar, ba don kunya ba da na yi kuka.

Ranar Juma'a na ɗiga wa ogan mai, na kunna shi a hankali da lasifikar rediyo. Fayafayan ƙarfen cikinsa na juyawa lafiya lau, amma abin da ya fito ba ya da rai. Na kashe. Mutanen da suka yi ta rawa a gabanmu yanzu in mun haɗu a kasuwar hatsi sai su dubi buhu. Kewa ta ishe ni, wallahi. Da ruwa ya ɗauke hanya ta bushe, zan ɗauko akwatin.

Naka, Namadi

Dauran, 4 ga Nuwamba, 2000

Aminina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka daga zauren Magaji.

Ya kula da akwatin yadda ya san ana kula da kaya. Ya ɗora shi bisa duwatsu kamar rumbu saboda gara, ya liƙe tsagogin da sauti ke fita da laka saboda ɓera. Da damina ta yi nisa ya ga katako mai kyau zaune banza, ya kira Musa kafinta. Aka fasa gangar aka yi kanta uku da ita. Injin da wayoyin an ba masu gwangwan. Ƙahon kuwa na tarar da shi a bakin tulu, ana ɗura man gyaɗa da shi.

Na shiga da niyyar faɗa. Sai Inna ta kamo hannuna ta kai ni ɗakinta. Ga akwatin a jikin bango, an jera kwanukanta na aure a ciki. Ka san ba ta taɓa jin kiɗana ba, ko sunan sana'ata ba ta faɗa a gaban mutane. Yanzu duk matar da ta shigo sai ta nuna mata kabad ɗin da Namadi ya aiko mata daga Kaura. Ta yi ta sa mini albarka.

Na ce amin. Ban gaya mata komai ba, na kuma hana Magaji.

Ka ba maigidanku haƙuri, ya ba wani gurbin. Kai kaɗai ka rage da ka san yadda sautin nan yake, don haka kada ka daina rubuto mini.

Naka har kullum, Namadi