Igiyar Karsanata

Zuwa ga Yaya Balki a Gangara,

Gaisuwa daga Gaya. Ya jikin Inna, ya haƙuri da fari? Mu lafiya lau, ga kogi kusa.

Maigidan ya sayi sabon injin ban ruwa, amma ya ƙi tashi. An duba mai, an goge buji, shiru. Jiya igiyar jan ta tsinke, ya ciro wata daga buhunsa. Yaya, igiyar karsanata ce, wadda na tufka da hannuna. Da ce mini ya yi makiyayi ya kai karsanar kudu, ashe sayar da ita ya yi.

A littattafan da nake karantawa, miji kan nemi gafara. Shi cewa ya yi in riƙe injin ya ja. Na riƙe.

Kada Inna ta ji. Allah ya kawo ruwa.

Ƙanwarki,
Cima