Ƙwai Biyu Gaba da Layi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai dai idon Baba da na ce zan ba ka labari.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, kuma ba za a yi aikin ba sai nan da wata huɗu. Ka san aikin Baba a gidan kajin nan: ƙwai suna tafiya ɗaya bayan ɗaya a kan bel, fitila tana haska su ta ƙasa, shi kuma yana tsame masu tsagu. Shekara ashirin da biyu yana wannan. Yanzu tsagun yana wuce shi, masu saye sun fara ƙorafi, manaja ya ce idan ba a ga sauyi ba zuwa ƙarshen wata, Baba ya zauna a gida ya huta. Kai ma ka san Baba. Ranar da aka ce masa ya huta, ranar zai fara ciwo na gaske.

Shi ne na roƙi manaja ya bar ni in gwada abin da na karanta. Na ɗaure ƙaramar kyamara ta USB a saman bel ɗin, na jona ta da kwamfutata, na ja layi da jan fenti daidai inda hannun Baba yake sauka. Manhajar da na rubuta tana karɓar hoto daga kyamarar, idan ta ga tsagu sai ta yi ƙara, Baba ya ɗauke ƙwan da ke kan layin. Ita ta gani, shi ya ɗauka.

Ba ta zo da sauƙi ba. Kwana biyu kwamfutar tana cewa ba ta san da wata kyamara ba, ashe wayar da ta haɗa su ce ta yi tsawo da yawa. Da na gajarta ta, sai hasken fitilar ya cika hoton, kowane ƙwai ya fito fari fat. Sai da na hana kyamarar daidaita haske da kanta, na saita mata da hannu. Kai da kake cewa ban iya ko ɗaura ƙwan lantarki ba, da ka zo ka gan ni a kan tsani.

Ba zan bari a sallami Baba ba, Yaya. Ka taya ni da addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin ƙaramar da ka ce tana haƙori? Allah ya ƙara sauƙi.

Abu ya yi kyau. Kwana goma ke nan babu ƙorafi. Matan da ke jera ƙwai a kiret har sun sa min suna Injiniya, Baba kuma idan sun faɗa sai ya yi kamar bai ji ba, alhali bakinsa ya ƙi rufuwa. Manaja ya sa Litinin mai zuwa ta zama ranar gwaji, zai tsaya da kansa ya duba.

Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Jiya da rana, lokacin da ma'aikata suka fita cin abinci, na miƙa hannu zan goge gilashin kyamarar. Na janye hannuna, sannan na gan shi yana shiga hoton a fuskar kwamfuta. Na sake, haka dai.

Ga abin da ke faruwa. Kyamarar tana turo hoto talatin a sakan ɗaya, manhajata kuma huɗu kawai take iya dubawa. Sauran sai su yi layi suna jira, kamar mutane a asibiti, ita kuma kullum na gaban layin take ɗauka, wato wanda ya fi daɗewa. Kafin ta yi ƙara, ƙwan da ta gani ya riga ya wuce jan layin. Na auna, kusan ƙwai biyu take makara. Wannan kuskure ne na 'yan koyo, ni kuma ana ce min Injiniya.

Na gyara. Na ware wani ɓangare wanda aikinsa kawai ya riƙa karɓar hoto yana zubar da tsohon, ya ajiye sabo guda ɗaya. Yanzu ina ɗaga hannu take gani. Yadda aka yi kwana goma babu ƙorafi kuwa, ban tsaya tunaninsa ba, na ce sa'a ce. Baba yana hutu har Litinin, kuma ba zan gaya masa ba. Me zan ce? Cewa abin da yake alfahari da shi makararre ne? Tunda an gyara, an wuce wurin. Kai ma kada ka faɗa masa idan kun yi waya.

Taka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Anti. Zauna ka karanta wannan, don na san za ka yi min dariya, kuma na cancanta.

Litinin da safe manaja ya zo da kujerarsa ya zauna a ƙarshen bel. Aka kunna. Ƙara ta farko, Baba ya miƙa hannu ya ɗauke ƙwai. Ta biyu, ya ɗauke. Ni ina kallon kwamfuta, komai daidai. Da kiret ɗin farko ya cika, manaja ya haska su ɗaya bayan ɗaya, ya ware guda biyar masu tsagu, ya jera su a gabansa. Waɗanda Baba ya tsame kuwa lafiyarsu ƙalau. Baba ya tsaya yana murza yatsunsa, kamar su ne suka ci amanarsa.

Na roƙi a sake kunnawa, wannan karon na bar kwamfutar na kalli hannunsa. Da ƙarar ta tashi, bai taɓa ƙwan da ke kan layi ba. Ya tsallake, ya ɗauki na biyu a gabansa.

Yaya, a nan na gane. Ba sa'a ba ce. Baba ne.

Na tsayar da bel ɗin, na faɗi gaskiya a gaban kowa: na'urar tana makara, na gyara ta ranar Juma'a, na ɓoye don kunya. Baba ya ce tun safiyar farko ya sani. Ya ɗauki ƙwan da ke kan layi, yatsansa bai ji komai ba, ya laluba gaba har ya ji tsagun. Daga nan ya riƙa lissafa biyu a ransa. Manaja ya tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce yarinya ta hau tsani saboda shi, mutane suna kiranta Injiniya, ba shi zai sauko da ita ba.

Manaja ya ce a ba mu kiret ɗaya mu sake gwadawa. Na kama hannun Baba na ɗora a kan jan layin, na ce masa nan, ba gaba ba. Sau biyu hannun ya so ya zarce, ya dawo da shi. Aka cika kiret, aka cika na biyu da na uku. Ko ƙwai ɗaya mai tsagu bai wuce ba. Manaja ya naɗe kujerarsa ya ce Baba ya ci gaba da aikinsa har a yi masa aikin ido.

A hanyar gida na ba shi haƙuri. Ya ce shi bai yi mamaki ba, tun ina ƙarama sai an kira ni sau biyu nake amsawa, na'urar gado ta yi. Na yi dariya, amma hawaye ne suka biyo baya. Kwana goma yana tsaye da idon da ba ya gani, yana gyara kuskurena ƙwai bayan ƙwai, ni ina can ina karɓar yabo.

Mun yi alkawari. Kowace safiya kafin a kunna bel, zai ɗaga hannu a ƙarƙashin kyamarar, ni in gaya masa gaskiyar abin da na gani. Yau ya ɗaga, na ce masa daidai. Ya ce in sake dubawa.

Ka gaida yara. Baba ya ce ka kira shi.

Ƙanwarka,
Auta