Jan Ruwan da Ke Cinye Mini Sunaye

Zuwa ga ɗana Zakariyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka a can Fatakwal, Allah ya tsare ku. Nan Gyaɗi-Gyaɗi kowa ƙalau sai ni. Bello mai shagon ƙofar gida ne ke riƙe da biro, amma bakin nawa ne.

Ka ji labarin sankarar da aka gano mini a wuya. 'Yar'uwarka Husaina ce ke kai ni asibiti a adaidaita, a ɗura mini wani jan ruwa ta jijiya. Fitsari ya koma ja, baki duk gyambo, tuwo a harshena kamar ina lasar ƙarfe. Gemuna ya bi ruwan alwala. Duk na daure.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne na ranar sunan jikan gwaggonka Hafsat a Darmanawa. Ka san a gidanmu ba a raɗa wa jariri suna sai na jera masa kakanninsa a kunne, tun daga waɗanda suka noma filin nan kafin kwalta ta zo. Ina kaiwa kan uwar kakanmu sai sunanta ya ɓace mini ɓat. Na tsaya da yaro a hannu ana kallona, har liman ya ja fatiha don ya rufa mini asiri. Har yau sunan bai dawo ba, kuma duk wanda zan tambaya yana ƙasa.

Likita ta ce maganin yakan kawo mantuwa, wai tana iya washewa daga baya. Na tambaye ta ko za ta rantse, ta ƙi. Sai na ce to ba za a ƙara sa mini ba. Ta ce in na tsaya a tsakiya ciwon zai taso da ƙarfinsa, ba lallai in ga damina ba. Husaina ta yi ta kuka, wai in faɗi sunayen kakannin ta naɗa a waya. Na ƙi. Ni a gaban mahaifina na durƙusa na karɓa, baki da kunne, haka kuma zan bayar.

Kai ne babba a maza. Ka zo ka karɓi abin da ya rage. Ranar da ka maimaita mini ba kuskure, da ƙafata zan koma a ɗura. Kumburin wuyan dai ƙaruwa yake yi, jiya da ƙyar na haɗiyi koko. Kada ka jira hutun sallah.

Ka gaida mai ɗakinka da takwarana Inuwa. Husaina na gaishe ka, ko da yake ni ta daina yi mini magana.

Mahaifinka,
Malam Inuwa