Fistin Ɗin Yana Ƙarƙashin Gadona

Assalamu alaikum Admin, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Ina gaida duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana. Mai shawara ya ba ni, mai dariya kuma ya yi ta a cikinsa, domin na girmi yawancinku, kuma ni da kaina na san abin da zan faɗa bai dace da furfurata ba.

Ni mutumin Karaye ne, amma ƙuruciyata duk a Kudu na cinye ta, ina sayar da awaki a Fatakwal. Da matata ta rasu, Allah Ya jiƙanta, sai zaman can ya gagare ni, na tattaro na dawo gida. Ashe gidan suna ne kawai ya rage. Tsararrakina wasu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka saura kowa da majalisarsa da ya yi shekara da shekaru yana zama. In na je na yi sallama za a amsa, a matsa mini a tabarma, a ce ya Kudu, daga nan hira ta mutu, sai na tashi ta farfaɗo. Labarin mutanen da ban sani ba ake yi, ana dariyar abin da ya faru ba na nan. 'Ya'yana biyu ne, macen tana aure a Jajaye ta ƙasar Rogo, babban kuma yana aiki a Kano. Gidan ni kaɗai ne, sai kwanon da matar ƙanena take aiko mini. Akwai ranar da na lura tun asuba har la'asar, ban da gaisuwar ƙofar masallaci, ba wanda na yi wa magana sai akuya.

Maganar mashin ta taso ne saboda gonar da na gada tana wajen Ruwan Bago, ga kuma 'yata da nake son in riƙa leƙawa. Babban ɗana ya ce zai saya mini na hannu mai lafiya. Na ce a'a. Mijin 'yata yana da wani tsohon mashin da ruwa ya ja a rafi da damina, aka tsamo shi cike da yashi aka jingine a bayan rumbu, ya ce in ina so in ɗauka. Na ce a gyara shi, ai tsohon ƙarfe ya fi na yanzu. Wallahi a lokacin tsakani da Allah na faɗi haka. Aka ɗoro shi a mota aka sauke a rumfar wani bakanike a nan Karaye. Zan kira shi Ɗanjuma, ba sunansa ba ne.

Ɗanjuma yana da ƙa'ida, ba ya karɓar kuɗin kayan gyara a hannun kowa, don kada wata rana a ce ya ci. Zai kwance, ya nuna maka abin da ya mutu, kai ka je ka sayo ka kawo. Wannan ya sa dole mai mashin ya riƙa zuwa. A gefen rumfar akwai benci a inuwar darbejiya, nan mai faci yake zama, da wani tsohon direba mai shegen surutu, ga mai shayi kusa. Ranar farko direban ya zagaya mashin ɗin ya ce, "Baba, wannan abin hawa ne ko abin miya? Ɗanjuma, leƙa tankin ko akwai tarwaɗa." Na ce, "In an samu kai zan ba, da ganin wuyanka rabonka da nama an jima." Wurin ya kaure da dariya, har mai shayi ya zubar da madara. Tun daga ranar sunana ya koma Baban Tarwaɗa. Ba wanda ya ce mini ya Kudu. Musu muke yi kan farashin taki, kan ƙwallon da ban taɓa kallo ba, kan ko ruwa zai sauka da wuri bana. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ni, washegari ina zuwa Ɗanjuma ya ɗago daga ƙarƙashin wani mashin ya ce, "Baba, jiya ba mu gan ka ba, lafiya dai?" Jama'a, kun san yaushe rabon da wani ya lura ba na wuri? Sai da na juya baya kamar ina duba taya.

Aiki ya yi ta tafiya har ya zama saura fistin da ringi na cikin injin. Ɗanjuma ya ba ni tsohon ya ce in je Kano in nemo irinsa, in na kawo kwana biyu ne ya tayar da mashin. Na je, na samu daidai shi. A mota ina dawowa, abin yana cikin aljihuna, sai zuciya ta ce mini, to in mashin ya tashi fa? Me zai kawo ka bencin nan? Dattijo kamarka zai zo rumfar bakanike ya zauna haka kawai, ba mashin ba dalili, a ce ya rasa abin yi? Ina isa gida na tura shi ƙarƙashin gado. Da safe na ce wa Ɗanjuma ba a samu ba. Bayan mako biyu na sayo wani da na san ya yi ƙanƙanta, ya gwada ya ce a mayar. Na yi jimami a gabansa, har da tsaki. Haka na yi ta jan abin, rani ya wuce, bazara ta shigo, mashin yana kwance a buɗe, ni kuwa kullum ina kan benci da kofin shayi.

Da a nan abin ya tsaya da ban rubuto ba. Babban ɗana yakan kira ya ce, "Baba, ya maganar mashin?" Me zan ce masa? A gidanmu ko sunan ɗan fari ba a kamawa saboda kunya, balle in buɗe baki in ce masa kaɗaici ne ya ishe ni. Sai na ce, "Ka san halin makanikai, kullum gobe." Sau ɗaya kawai na yi niyyar faɗin wannan ƙaryar, amma da ya sake tambaya sai na maimaita, har bakina ya saba.

Asabar ɗin da ta wuce ya zo ba sanarwa, kai tsaye rumfar ya nufa, ina zaune. Bai ko gama gaisawa ba ya ce wa Ɗanjuma, "Malam, ka ji tsoron Allah. Ka ga tsoho ba shi da kowa a kusa, shi ne kake ta wahalar da shi wata da watanni? In ba za ka iya ba ka faɗa mana!" Ɗanjuma ya ajiye sifana, ya dube ni. Jira yake in ce wani abu. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Ɗanjuma ya goge hannunsa da tsumma a hankali, ya ce wa ɗana, "Yallaɓai, ka yi haƙuri. Za a san abin yi." Wani mutum da ya turo mashin ɗinsa gyara ya tsaya ya gama ji, ya juya da abinsa. Kafin magariba magana ta zagaye tasha cewa Ɗanjuma ya ci amanar tsoho, mutumin da duk rayuwarsa yake gudun a ce ya ci.

Yanzu ɗana ya yanke hukunci. Ya samo na hannu a Kano, Asabar mai zuwa zai kawo, wancan kuma a sayar wa 'yan gwangwan. Ya ce kuma sai ya kai ƙarar Ɗanjuma wurin shugaban makanikai don ya zama darasi. In na yi shiru na karɓi na hannun, Ɗanjuma zai ci gaba da yawo da sunan da ni na ɗora masa. In na fito da fistin, mashin zai tashi, amma da wane ido zan kalli ɗana, da wane ido zan kalli mutanen bencin? Su ce ashe tsohon nan maƙaryaci ne? Ko su ji tausayina, wanda wallahi ya fi zagi ciwo a wurina?

Jiya na daure na je. Direba ya amsa sallamata ciki-ciki, mai faci ya ce yana da aiki. Ɗanjuma ya gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Ya ce, "Baba, na haɗa maka kayan injin wuri ɗaya a buhu, komai yana nan, ka duba kada a ce wani abu ya ɓace." Ban sani ba ko ya gane abin da na yi, ko bai gane ba. Na dai waiga, sai na ga buhun a ɗaure, an ɗora shi a kan benci daidai inda nake zama. Ba wanda ya sauke shi, ni ma ban iya saukewa ba. Na ɗan tsaya a rana, na yi musu sallama, na taho gida.

Asabar ta kusa. Don girman Allah ku faɗa mini, ni yanzu me zan yi?