Dariyar Aro

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai da rai, amma ban ce miki lafiya lau ba.

Kin san tun da aka hana taruwa saboda cutar nan aka rufe zauren da nake barkwanci. Da gidan talabijin suka ɗauke ni har rawa na taka. Yaya, ashe ɗaki ne ba taga, fitilu na gasa mini goshi, daga ni sai mai kyamara. Shi ma da takunkumi a fuska, ban san ko dariya yake ko hamma ba. Labarin telan nan da ya ɗinka wa ango wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, wanda ya taɓa kayar da wani ƙato daga kujera, na ba da shi a nan, fanka ce kaɗai ta amsa mini. Ko Inna, Allah ya jiƙanta, da sai kowa ya gama dariya take gane inda aka dosa, ta fi wannan kyamarar sau dubu.

Furodusa kuma ya sa ni gaba. Wai in na saki magana ina daɗewa shiru, mai kallo zai zaci talabijin ɗinsa ce ta lalace. In ban gyara ba, lokacina za a ba wani mai koyar da motsa jiki. Ki sa ni a addu'a, kin san ban iya wata sana'a ba.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Aku

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwar ta lafa. Wasiƙarki ta iso, kuma ita ta ƙarasa ɓata mini rai. Kin ce shirin ya yi armashi, kin ji jama'a na ta dariya. Wace jama'a? Edita ne yake liƙa wata tsohuwar dariya da aka naɗa, ba da sanina ba. Ban kalla ba, ba kuma zan kalla ba. Matata ta ce har gyaran murya na yi aka kwashe da dariya. Tun ina saurayi nake cin guminta a bakin mutane, sai yanzu da furfura za a aro mini ita?

Na je ofishin manaja na zazzage masa cikina a gaban ma'aikata. Na ce ko a cire ta ko in ajiye aikin. Ya ce ya ji, za a cire, amma in masu kallo suka watse kada in ga laifin kowa. Na ce na yarda, na fito har da buga ƙofa.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Aku

Yayata,

Ina fatan kun tashi lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Jiya na shiga ɗakin edita don in ga an cire abin nan da idona. Don ya nuna mini ba shi da laifi, sai ya ce ai dariyar ma tawa ce, daga wani wasana na zaure da suka taɓa ɗauka ya ciro ta. Ƙarshenta kawai yake yankewa, saboda wata tsohuwa ta ɓata wurin. Ya kunna mini ita duka. Jama'a suka yi dariya suka gama, wuri ya yi tsit. Can sai ga murya ɗaya ta taso ita kaɗai, a makare, ta yi ta yi, ta ƙare da “wayyo cikina, Aku!”

Yaya, Inna ce.

Ashe shirun nan da furodusa yake ta faɗa a kai, ita nake jira, ban sani ba. A zaure hayaniyar mutane ce take rufe mini wurin.

Yanzu dubi abin da bakina ya ja mini. Yau da safe na koma ofishin da na buga wa ƙofa, na yi sallama kamar mutumin kirki, na roƙi a bar dariyar, a kuma maido wurin da ake yankewa. Manaja ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ni dai ban san abin da nake so ba. Furodusa ya ce shirun ya yi tsawo, na ce ai yanzu akwai mai cike shi. Sun yarda a gwada, in bai karɓu ba mai motsa jiki na nan yana jira.

Ki kalli na wannan makon, ki ƙara murya. In jama'a sun gama dariya kada ki tashi, ki ɗan jira ta.

Ƙaninki,
Aku