Agogunan Na'urarku Sun Kusa Jefa Ni Kan Duwatsun Rurum

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke sayar da na'urar koyon tuƙin jirgin sama ta gida, Kano.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya.

Sunana Nasiru, mutumin Rurum Sabon Gari a ƙaramar hukumar Rano, ɗalibi a wata makarantar koyon tuƙin ƙananan jiragen sama. Ban ambaci sunan kamfaninka ba, domin ba tozarta ka nake nema ba. Sau biyu na zo ofishinku aka ce ka fita. Na bar takarda wurin sakatarenka, har yau shiru. Abin da zan faɗa kuwa ya shafi ran mutane, shi ya sa na fito da shi fili.

Bara jiragen makarantarmu suka shiga gyara, aka sallame mu gida sai an neme mu. Na ji tsoron kada hannuna ya manta abin da ya fara koya. A lokacin ne na ji tallanku a rediyo, kuna cewa duk agogon da ke gaban matuƙin ƙaramin jirgi yana cikin na'urarku, kuma yana aiki daidai da na gaske. Na zo na saya: allo, sitiyari, abin takawa da ƙafa, da manhajar da kuka zuba mini a kwamfuta. Na kafa su a ɗakina na haɗa da batirin sola. Wata bakwai ina zama a gabansu kullum, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, wani lokacin in ƙara bayan la'asar. Hoton yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Gajimare kamar ka taɓa, ƙarar inji kamar ta gaske. Matsalar tana cikin agogunan, kuma ga ta dalla-dalla.

1. Agogon tsayi. Shi ne ke gaya wa matuƙi nisansa da ƙasa. A jirgin gaske yana aiki ne da nauyin iska, nauyin iska kuwa yana canzawa daga gari zuwa gari, musamman idan hadari ya taso. Don haka ma'aikacin hasumiyar filin jirgi yake ba ka wata lamba ta rediyo, ka murɗa ɗan maɓalli ka saita agogon a kanta. A na'urarku maɓallin yana nan, yana juyawa, amma ko ka murɗa ko ka bari, agogon gaskiya yake faɗa. A hankali na saba da maimaita lambar da baki ba tare da na kai hannu ba. Ban san lokacin da wannan ya zame mini jiki ba.

2. Agogon da ke nuna inda hancin jirgi ya dosa, gabas ko yamma. Na gaske yana zamewa kaɗan-kaɗan, sai ka riƙa gyara shi da kamfas, wato ɗan maganaɗisun da ke nuna arewa, lokaci-lokaci. Naku ba ya zamewa ko da ka wuni a sama.

3. Allurar hanya, wadda ke nuna maka ko ka kauce hagu ko dama daga hanyarka. Akwai maɓallin da ke zaɓa mata wanda za ta bi: ko GPS, ko tashar rediyon da ke ƙasa. A naku, duk inda maɓallin yake, GPS kawai allurar take bi. Wata bakwai ban taɓa duba wannan maɓallin ba, kuma ban taɓa ɓata ba.

4. Ga abin da waɗannan ukun suka haifar. Da aka kira mu makaranta, na yi ƴan tashe-tashe tare da malamina, wanda muke kira Kyaftin. Kewayen fili ne, ana ganin titin sauka, ba a dogara da agoguna sosai. Ya yaba da hannuna. A tsakiyar daminar nan aka ba ni tafiyata ta farko mai nisa ni kaɗai: in nufi wajen Kano, in juyo in dawo. Na tashi da safe sama garau. Na shigar da hanya a GPS ɗin jirgin, wanda tsoho ne, ɗan ƙaramin allo mai rubutu kawai, ba taswira mai launi irin taku ba. Na zuba wa allura ido na bi ta. Ashe wanda ya tuƙa jirgin kafin ni ya bar maɓallin a kan tashar rediyo.

Bayan kamar minti arba'in, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Wata ma'aikaciyar hasumiya ta ba ni sabuwar lambar nauyin iska. Na maimaita mata ita daidai, hannuna yana kan sitiyari bai motsa ba. Gajimare ya yi ta saukowa, ni ma na yi ta saukowa don in zauna a ƙarƙashinsa, domin ɗalibi irina ba shi da izinin shiga cikinsa. Sai na lura garuruwan da ya kamata in gani ba su ba ne a ƙasa. Allura ta ce in karkata hagu, rubutun GPS ya ce dama, agogon hanci ya faɗi nasa daban. Ban san wanda zan yarda da shi ba. Ruwa ya fara dukan gilashi, jirgin yana tsalle kamar amalanke a kan kunyoyin gona.

Agogon tsayi yana nuna mini ina da sarari mai yawa. Na leƙa ta taga. Ranka ya daɗe, na ga garken shanu, na ga makiyayin, na ga ya ɗaga kai yana dafe malfarsa. Daga tsayin da agogo ke faɗa bai kamata in ga hannun mutum ba. Ina ɗago ido sai ga baƙin dutse ya fito daga cikin ruwan, a gabana, samansa ya fi ni tsayi. Na fizgi sitiyari na karkata dama da duk ƙarfina, ina salati da ƙarfi. Ƙararrawar gargaɗi ta ɗauka, alamar jirgin yana gab da rasa iskar da ke riƙe shi. Har yanzu ban san tazarar da ta raba fiffikena da dutsen nan ba, kuma ba na so in sani.

Na danna rediyo na ce na ɓata. Turancin aiki ya gudu daga kaina, ban san me na riƙa faɗa ba. Matar nan ta saurara, sai ta ajiye Turanci ta ce da ni da Hausa, “Ɗan'uwana, natsu. Ina tare da kai. Me kake gani a ƙasa?” Na ce duwatsu, da wani babban ruwa can nesa. Ta ce in karanta mata lambar nauyin iskar da ke saite a kan agogon tsayina. Na karanta. Ta ce, “Wannan ta lokacin da ka tashi ce. Murɗa yanzu, ina jiranka.” Ina murɗawa ina kallon allurar tana sauka, tana sauka. Sannan ta sa na gwada agogon hanci da kamfas, na tarar ya zame sosai. Sannan ta tambaye ni maɓallin allurar hanya, na tarar a kan tashar rediyo yake, na mayar da shi kan GPS. Ɗaya bayan ɗaya ta bi da ni, kamar mai koya wa yaro alwala.

Sai da hankalina ya ɗan dawo na gane inda nake. Babban ruwan nan dam ɗin Tiga ne. Duwatsun kuwa na Rurum ne, waɗanda na yi wasa a gindinsu tun ina ƙarami. Da Allah ya ƙaddara, da mutanen unguwarmu ne za su fara isa wurin tarkacen, su juya gawar su ga fuskar da suka sani.

Ta jagorance ni har na sauka lafiya. Da na kashe inji na kasa fitowa. Sai da aka zo aka buɗe mini ƙofa.

5. Ba zan ɗora muku laifin duka ba. An koya mini waɗannan abubuwa uku tun farkon zuwana makaranta, suna kuma cikin takardar da matuƙi ke bi yana dubawa. Ni na yi sakaci, na faɗa wa Kyaftin haka, an dakatar da ni daga tashi ni kaɗai, kuma na yarda da hukuncin. Amma da na kawo kwamfutar ya zauna ya gwada da kansa, ya murɗa maɓallin tsayi har ƙarshe agogon bai ko girgiza ba, sai ya cire tabarau ya dube ni ya ce gara a ce wata bakwai ɗin nan noma na yi. Ya ce mantuwa tana da sauƙin gyara a kan mugun sabo.

6. Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne wannan. Akwai Alhaji Ado, aminin mahaifina a Kibiya. Ƴarsa Hauwa ta sami gurbi a makarantar tuƙin jirgi, za ta fara bayan an cire amfanin gona. Tun kafin abin nan ya same ni ya nemi shawarata, ni kuma na yabi na'urarku, har na raka shi ya saya. Da na dawo gida na hau babur na tafi Kibiya. Na tarar da ita a gaban allo, ta iya tashi da sauka, tana murna. Na tsaya a bayanta ina kallo. Murya a cikin manhajar ta ba ta lambar nauyin iska, ta maimaita da baki, hannunta bai motsa ba. Na roƙi Alhaji ya kulle na'urar a ɗaki, ya kulle. Wannan guda ɗaya ce da na sani. Sauran waɗanda suka saya fa? Kai ke da sunayensu, ni ba ni da su.

7. Muna jihar da muke alfahari da bin shari'a. A kasuwar Rano, wanda zai sayar da sa mai ciwon ƙafa wajibi ne ya nuna wa mai saye aibin kafin a ƙulla ciniki, kowane dillali ya san haka. Na yarda ba ku kuka rubuta manhajar ba, daga waje kuke kawo ta. Amma bakinku ne ya ce daidai take da ta gaske, kuma da Hausa kuka faɗa, ga mutanen da ba su da hanyar tantancewa.

Saboda haka ina roƙonka abubuwa huɗu. Ku janye wannan magana daga tallanku tun yau. Ku nemo ƙwararren matuƙi ya zauna ya gwada kowane agogo, ya rubuta wanda ke aiki kamar na gaske da wanda hoto ne kawai, a manna takardar a jikin kowane kwali da Hausa da Turanci. Ku kira duk wanda ya riga ya saya, musamman ɗalibai, ku gaya musu. Ku kuma rubuta wa masu manhajar su gyara, in sun ƙi ku sayar da ita a matsayin abin wasa, domin a matsayin abin wasa ba ta da laifi.

Mako mai zuwa zan koma sama tare da Kyaftin. Ina tsoro, ba zan yi ƙarya ba. Mahaifiyata har yau ba ta san abin da ya faru ba. Ta dai ba ni labari cewa wata safiya ana ruwa wani ƙaramin jirgi ya wuce ta kan gidaje ƙasa-ƙasa har kaji suka watse, ta fito tsakar gida ta yi wa na cikinsa addu'a. Na yi niyyar in karanta mata wannan wasiƙa da bakina kafin wani ya riga ni.

Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a kasuwancinka, ya tsare ka daga ɗaukar alhakin ran wani. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan ta hasumiya da alheri, wadda ko sunanta ban sani ba. Ina jiran amsarka.

Wassalam.

Naka,
Nasiru,
Rurum Sabon Gari, Rano.